Barewa ta cinye lambun surukata, maigida yana maganar ɗana tarko

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga Jamantawun, a jihar Merilan ta Amurka. Shekara ɗaya da rabi ke nan da mahaifiyar maigidana ta dawo wurinmu daga Zariya saboda ganin likita. Mu fita aiki, yara su tafi makaranta, ita kaɗai a gida, ba ta jin Turanci, ba mai leƙowa ya gaishe ta. Bana da sanyi ya wuce sai na gyara mata ɗan fili a bayan gida, tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa ƙafa 12. Muka shuka yakuwa da rama da kuɓewa da alayyahu da wake da tumatir. Anti, sai ga Hajiya ta dawo mutum. Tana idar da asuba za ta fita ban ruwa, har waƙa na ji tana yi.

A farkon watan Yuli muka wayi gari an aske lambun. Barewa ce, mun gan su da ido, uwa da 'ya'ya biyu. Hajiya ta yi mutum-mutumi da tsohuwar babbar rigar ɗanta, na rataya sabulu mai ƙamshi, na barbaɗa barkono, duk a banza. Maigida ya ce shinge ɓarnar kuɗi ne tunda ga tumatir nan a kanti, ko dai a haƙura ko ya ɗana tarko mu ci nama. Ga wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu da ke zuba musu masara, har sunaye ta raɗa musu, Hajiya kuwa ta ce da gangan take yi. Unguwarmu kuma akwai ƙungiyar masu gidaje mai ƙa'idoji a kan shinge. Yanzu Hajiya ta koma ɗaki, tana cewa a mayar da ita gida. Ina mafita?

Maman Hanif

Wa alaikumus salam, Maman Hanif. Sannu, kuma Allah Ya saka miki da alheri. Ba kowace matar ɗa ce za ta lura surukarta na bushewa a ɗaki har ta ɗauki fartanya saboda ita ba.

Bari in fara da tarko, don shi ne abin da ka iya jawo muku abin da ya fi asarar kuɓewa. Ki gaya wa Baban Hanif, cikin ladabi amma ba da wasa ba, ya cire wannan daga ransa. A gida idan akuya ta yi maka ɓarna tana da mai ita: ka kama ta, ka kai ƙara wurin mai unguwa, a biya ka. Da damina ma shela ake yi kowa ya ɗaure dabbarsa. Barewar nan ba ta da turke, kuma ba ta rasa mai ita ba, domin a ƙarƙashin hukumar jiha take. Kama ta da tarko, ko sa mata guba, ko kashe ta ba lasisi ba kuma a lokacin farauta ba, duk laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. A Merilan ko mai lasisi ba ya harba bindigar farauta a cikin yadi 150 daga gidan da mutane ke ciki sai da izinin masu gidan, ke kuwa kin san tazarar da ke tsakaninku da maƙwabta. Idan naman yake marmari da gaske, hanya a buɗe take: ya yi kwas ɗin koyon farauta, ya yanki lasisi, ya jira lokaci. Na masu baka yana buɗewa a farkon Satumba, na masu bindiga a ƙarshen Nuwamba. Wannan sha'aninsa ne da abokansa a daji, ba ruwan bayan gidanku.

Ko da ma an kawar da waɗannan ukun, wasu ne za su maye gurbinsu kafin wata ya zagayo. Wajen shekarar 1900 irin wannan barewa mai farin ƙasan wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, ba ta fi rabin miliyan ba. Yau ana maganar kusan miliyan 30. An kawar da kyarkeci da damisar dutse da ke cinta a gabashin ƙasar, an kafa dokokin farauta, sannan aka gina unguwanni irin taku, gida da ciyawa da furanni a bakin kurmi, wato an shimfiɗa mata tabarma an ajiye mata akushi. Abin ya kai ga a gandun Rok Kirik da ke cikin birnin Washintan, tun 2013 hukuma ke sa ƙwararrun maharba su rage su da dare, a ba da naman ga masu dafa wa mabuƙata. Abin da gwamnati ke fama da shi da bindiga, ba tsohuwar babbar riga ce za ta kore shi ba.

Na yi dariyar mutum-mutumin Hajiya, amma dariyar wadda ta taɓa yi ce. Shekarar da na fara lambu a ƙasar nan ba abin da ban rataya ba: sabulu, tsofaffin faya-fayan CD, gashin da na roƙo a shagon aski, har rediyo na bari yana ta surutu cikin dare. Kowanne ya yi aikin kwana uku ko mako ɗaya. Barewa dabba ce mai tsoron sabon abu, amma da ta ga abin bai bi ta ba, shi ke nan ya zama ɗan gida. Magungunan fesawa na kanti sun fi waɗannan, musamman masu ruɓaɓɓen ƙwai a ciki, sai dai ruwan sama na wanke su, sabon ganye kuma yana fitowa ba magani a jikinsa, ga shi ba duka ne aka yarda a fesa wa abin da za a ci ba. Wa ma zai so warin ruɓaɓɓen ƙwai a miyar yakuwa? Ki riƙa karanta jikin roba kafin ki saya, domin wasu da busasshen jini ake yin su, har da na alade. Barkono kuwa ki bar shi a tukunya.

Shinge ne kawai. Na san ba shi kike son ji ba tunda a kansa ake jayayya a gidan, amma duk wata dabara bayan shi jinkirta ɓarna ce.

Kafin a sayi komai, ki fita ki duba sauran kararen da aka bari. Barewa kamar akuya take, ba ta da haƙoran gaba a sama, don haka fizga take yi, ta bar bakin kara a yage kamar an tsinke shi da hannu. Idan kin ga wanda aka yanke sumul a karkace kamar da reza, kusa da ƙasa, aikin zomo ne. Idan kuma akwai rami mai faɗin baki da tulin ƙasa a gindin rumfa ko ƙarƙashin ɗakin ajiya, to kina da wannan ƙatuwar gafiyar ƙasar nan da suke kira girawunhog, wadda ke haƙa kuma tana hawa. Na kawo wannan ne don sau da yawa ɓarayin biyu ne ko uku, barewa ce kawai ake gani saboda girmanta, kuma shingen da zai tsare ta daban yake da wanda zai tsare su.

Abin da ya sa nake ganin lamarinki mai sauƙi ne shi ne ƙanƙantar filin. Kada ki yi tunanin kewaye gidan duka, a nan ne kuɗi ke tafiya, a nan ne kuma ake samun saɓani da maƙwabta. Lambun kaɗai za a killace. Ƙafa 20 da ƙafa 12, kewayensa ƙafa 64 ke nan. Ragar barewa, baƙa ta roba mai kauri, ana sayar da ita a naɗe, yawanci ƙafa 100 a naɗi ɗaya, a manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's ko ta intanet. Naɗi ɗaya ya ishe ki har da ragowa. Ki nemi mai tsayin ƙafa bakwai da rabi ko takwas, kada a ruɗe ki da siririyar ragar tsuntsaye mai araha, wannan barewa da ƙirji take ratsa ta, macizai da tsuntsaye kuma su maƙale a ciki su mutu. Dirkoki na ƙarfe masu ƙafa 10, a binne ƙafa biyu a ƙasa, ɗaya a kowace kusurwa, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce ƙafa takwas, guda goma ke nan, sai ƙarin na ƙofa. A ja waya mai ƙarfi ta sama daga dirka zuwa dirka a ɗaure ragar a jikinta don kada ta yi ciki.

Me ya sa ƙafa takwas? Domin barewar da ta ga dama tana tsallake ƙafa shida daga tsaye, idan an koro ta kuma tana iya kaiwa takwas. Amma ga sirrinta: idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai ba ta iya auna nisa da zurfi sosai ba. Ba ta son tsalle inda ba ta tabbatar da wurin sauka ba. Baƙar raga ba ta nuna mata inda samanta ya ƙare, ƙaramin fili cike da kuɓewa da sandunan tumatir kuma bai ba ta wurin dira ba. Shi ya sa ɗan lambu irin naki ya fi babbar gona sauƙin tsarewa.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne ƙasa. Kowa sama yake kallo, alhali barewa ta fi son ta sunkuya ta kutsa da ta yi tsalle. Tazarar da ba za ki ce kare zai wuce ba, ita za ta cusa hanci ta ɗaga ragar ta shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bar wajen inci shida na ragar ya kwanta a ƙasa ta waje, a kafe shi da ƙusoshin ƙasa kusa da kusa. Sannan, tunda zomo da gafiyar nan suna tauna roba, a zagaya gindin da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, tsayin ƙafa biyu zuwa uku, ita ma a lanƙwasa ƙafa ɗaya nata ta kwanta ta waje. Mai haƙa yana fara haƙa ne daga jikin shinge, sai ya ci karo da ƙarfe ya haƙura. Ƙofa ta zama tsayinta ɗaya da shingen, ba rata a ƙasanta, kuma a sa mata abin da zai sa ta rufe kanta. Yaro ɗaya ya bar ta a buɗe dare ɗaya, an koma gidan jiya. A wata biyun farko ki yayyaga farin tsumma ki ɗaɗɗaura a jikin ragar daidai ƙirjinki, don barewar da ta saba bin wannan hanya cikin duhu ta gani, kada ta afka a guje ta yaga raga ta karya kanta. Shuka kuma a ja ta baya kaɗan daga jikin ragar, in ba haka ba za ta tsaya a waje ta ci abin da ya leƙo.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kira lamba 811. Kyauta ne, za a zo a yi alama a inda bututun gas da wayar lantarki suka bi a ƙarƙashin ƙasa. A kira da sauran kwanaki, ba ranar aikin ba.

Sai ƙungiyar masu gidaje, HOA ɗinku. Kada ki gina sannan ki nemi izini, za su iya sa ki rushe har da tara. Ki ɗauko kundin ƙa'idojin da aka ba ku ranar sayen gida, ki karanta sashen shinge, ki rubuta takardar neman izini da zanen filin da hoton irin ragar. Jamantawun a gundumar Mongomeri take, kuma dokar tsara gine-gine ta gundumar ta san abin da ake kira shingen barewa: raga wadda ake hangen abin da ke bayanta, har zuwa ƙafa takwas. Wannan bai ɗaure hannun ƙungiyar ba, tana iya tsaurara nata, amma hujja ce mai kyau a takardarki. Ki kira ofishin ba da izinin gini na gundumar ki ji ko akwai takardar da suke buƙata. Abin da ke damun irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne kyan gani, don haka ki nuna musu cewa baƙar raga daga ɗan nesa kusan ba a ganinta, a bayan gida take, kuma idan an sa dirkokin a cikin gajerun bututu da aka binne domin su, ana iya zare su da sanyi.

Idan suka kafe a kan ƙafa shida, ba a rasa ba. Ko dai a yi ƙafa shidan a rufe samansa da raga ya zama keji, ƙudan zuma na wucewa ta idanunta, sai dai kuɓewa za ta taɓo rufi a riƙa sare kanta. Ko kuma a yi shinge biyu gajeru, kowanne ƙafa huɗu zuwa biyar, da tazarar kamar haka a tsakaninsu, domin barewa na iya tsallen sama, tana iya na nisa, amma ba ta son haɗa biyun. Wannan yana cin fili. Shingen lantarki da manoma ke shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa don barewa ta lasa ta ji a hancinta yana aiki a gona, amma a unguwa mai yara ban ba ki shawararsa ba. Jami'ar Merilan tana da sashen wayar da kan manoma da masu lambun gida, ana tura musu tambaya da hoto ta intanet su amsa kyauta, ki yi amfani da su.

Maƙwabciyarku ba da gangan take yi ba, ki kwantar wa Hajiya da hankali. Tsohuwa ce ita ma, mai yiwuwa ita kaɗai a gida, barewar ce masu leƙowa su gaishe ta. Ki duba da kyau, ciwonsu ɗaya da Hajiya, kowacce da abin da take fita dubawa da safe. Gaskiya ne zuba masara na tara su wuri ɗaya, yana taimakon yaɗuwar cuta a tsakaninsu, yana iya ɓata musu ciki, hukumar namun daji ta jihar ma ba ta son ana yi. Amma ko ta daina yau, barewa ta riga ta san hanyar yakuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka kada ki buɗe gaba a kan abin da ba zai dawo miki da ganye ɗaya ba, kada kuma ki fara da kai ƙararta. Ki je ki same ta kafin a kafa shinge, ki ce za ku killace lambun tsohuwarku, kin ga ya dace ta ji daga bakinki. Idan hira ta yi daɗi, ki roƙe ta ta matsar da wurin zuba masarar can nesa da iyakarku. Kuɓewar farko da aka tsinka, a kai mata. Hajiya ta fi ni sanin abin da addini ya ce a kan haƙƙin maƙwabci, ba a kuma ce sai Musulmi ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi damuna: kaska. Merilan na cikin jihohin da cutar Layim ta yi yawa, cutar da aka raɗa wa sunan wani gari a jihar Kanetikat inda aka gano ta a tsakiyar shekarun 1970. Wata ƙaramar kaska ce ke ɗauke da ita, ƙanananta ba su fi ƙwayar lansir ba, manyanta kuma a jikin barewa suke rayuwa. Na tabbata da zani da silifa Hajiya ke fita. Ki saya mata safa doguwa da takalmi rufaffe da wando a ƙarƙashin zani, a riƙa aske ciyawar da ke kewaye da lambun, a kwashe busassun ganye. Idan ta shigo a duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata da bayan kunne, yaran ma haka. In an ga kaska, a kama ta da matsefata daf da fata a ja a hankali, ban da ƙona ta ko shafa mata mai. Yawanci sai ta wuce kwana guda a maƙale take sa cutar, shi ya sa duban kullum ke da amfani. Hotunan da ake nunawa na jan zobe a fata, na farar fata ne. A jikinmu yana iya fitowa kamar duhun tabo ko kwantaccen jini, a ɗauka ba komai ba ne. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi ko kasala da rani, a gaya wa likita cewa tana aikin lambu. Shingen ba zai raba ku da kaska ɗungurungum ba, ɓeraye ma na yawo da ita.

Na bar Baban Hanif a ƙarshe da niyya. Ya yi gaskiya, tumatir ɗin kanti ya fi araha, kuma muddin a kan tumatir kuke magana shi zai ci. Ki daina wannan lissafin da shi. Ki samu lokacin da ya huce, ki tuna masa yadda mahaifiyarsa take a watan Yuni da yadda take yau, ki ce masa tun da aka cinye lambun take maganar komawa gida alhali likita bai sallame ta ba. Ki kawo masa farashin a rubuce, raga kaza, dirkoki kaza, abin da zai yi shekaru ana amfani da shi. Namiji ya fi saurin amsa adadi da ya gani a takarda fiye da "shinge" da yake hasashen na dubban daloli ne. Kuma kada ki zama ke ce mai yi wa uwarsa hidima shi yana mai hanawa, ba ɗan da ke son a gan shi a wannan matsayi. Ki bar shi ya zama shi ya yi wa Hajiya shinge, ladan da albarkar duk nasa.

Aikin na yini ɗaya ne ga maza uku ko huɗu. Ki mai da shi gayya: ya kira abokansa ran Asabar, su zo da matansu, ki soya waina, Hajiya ta zauna a kujera tana nuna inda za a kafa ƙofa. Cikin matan nan ba za a rasa mai son irin rama ko wadda uwarta ke zaune a ɗaki kamar taku ba.

Kada a jira baɗi. Sanyin da ke kashe shuka ba ya zuwa yankinku sai wajen ƙarshen Oktoba. Yakuwa da ramar da aka aske, in dai kara na nan da rai, za su sake tofo. Alayyahu wata ɗaya da 'yan kwanaki ya isa tsinka, wake ma zai yi, kuɓewa kuwa in an shuka kafin Yuli ya fita za a ɗan samu. Zoɓorodo ne ba na ba ki tabbaci a kai, don sai rana ta gajarta yakuwa ke fure, sanyi kan riga shi. Kafin izini ya fito, ki sayi ragar ƙarfe ki yi wa sauran tsiran da suka rage ƙananan keji, ki kifa musu da yamma. A wajen shinge kuma, idan Oktoba ta yi, ki ba Hajiya tafarnuwa ta binne, da albasa da na'a-na'a in bazara ta dawo, waɗannan barewa ba ta cika kula su ba. Makullin ƙofar lambun a hannunta za a damƙa, ita za ta riƙa dubawa bayan magariba ko jikokinta sun rufe.

Ki gaishe min da ita, ki ce ina jiran hoton miyar farko.

Anti